Ruwan Toka da Harshen Rahila

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, da roƙon Allah ya sa makwancinki ya fi ɗakin da kika bari yalwa da sanyi, ina sanar da ke cewa gida lafiya. Yaya da iyalinsa suna nan ƙalau, damina ta yi albarka, shinkafar fadama ta yi kyau. Wannan shi ne abin da ake faɗa a bakin wasiƙa, na kuwa faɗa. Amma ni kam ba lafiya ba, Inna. Yau kwana huɗu abinci ba ya wuce mini wuya, kuma na rasa wanda zan kai wa zancen nan ya gane shi in ba ke ba.

Na san ko da kina da rai ba kya karanta boko. Ni ke karanta miki takarda, kina tsayar da ni kina cewa na cika gaggawa kamar mai gudun ruwan sama. To yau zan bi a hankali.

Gobe Asabar za a yi taron iyaye a makarantar da nake koyarwa. Dalilin taron wata ɗalibata ce, Rahila, wadda ta ƙone baki a ajina ranar Litinin. Tana kwance a asibiti nan Yelwa, ba ta iya magana. An rubuta takarda cewa laifinta ne, ana kuma so in tsaya gaban iyaye in ce haka ne. In na ce haka ne, ɗakin gwajin da na sha wahala a kansa zai tsira, yarinya ta tafi da laifin a ka. In na faɗi abin da na sani, da wuya su bar shi a buɗe. Abin da na sanin kuwa har da ke a ciki.

Ba ki ga wannan makarantar ba. Bayan rasuwarki da shekara guda aka tura ni can, wani gari ne na bakin ruwa a ƙasar Ngaski, inda wasu yaran ke zuwa a ƙafa daga gonaki, wasu kuma a kwale-kwale. Abin da nake koyarwa shi ne kemistiri, wanda kike kira karatun kwalabe. Sau nawa na gaya miki ilimi ne na yadda abu ke haɗuwa da abu ya zama wani abu dabam, sai ki ce to ai ke ma kin iya, tun ba a haife ni ba kike haɗa toka da man kaɗe su zama sabulu, kuma babu wanda ya ba ki takardar shaida.

Ranar da aka buɗe mini ɗakin gwaji saura kaɗan in yi kuka. Gini yana nan, da teburan siminti, da famfunan da ban taɓa jin wanda ya ga ruwa a cikinsu ba. A kabad fasassun kwalabe ne da gidan zanzaro. Malamin da na gada, Allah ya ba shi lada, a allo yake zana kayan aikin, yara su kwafa a littafi. Sun haddace cewa asid na juya takardar gwaji ta koma ja, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin abu ya juya launi a gabansa.

Kin san halina, in abu ya tsaya mini a rai ba na iya zama wuri ɗaya. Ga kuma wani abu. Tun da aka sace ɗalibai a Birnin Yauri iyaye ba sa sakin 'ya'yansu da daɗin rai, musamman mata. Waɗanda suka dawo makaranta, da lallashi aka dawo da su. Na ce wa kaina yarinyar da ta ƙetare ruwa ta bar uwarta da fargaba bai kamata ta zo ta kwafi zanen kwalba ta koma ba. Gani ya kori ji. Tunda babu kayan Turawa, sai na kwashi madafinki na kai makaranta.

Da zoɓo na fara. Na jiƙa shi na raba musu a ƙananan kofuna, na ce waɗannan su matsa lemun tsami, waɗancan su zuba ruwan tsamiya, na baya su jefa ƙwayar kanwa. Na lemo ya ƙara ja, na kanwa ya juya ya yi kore mai duhu. Inna, da kin ji ihun da aka yi! Sai da malamin lissafi ya leƙo ya ga ko maciji ne ya shigo. Daga ranar suka san akwai dangin tsami, waɗanda littafi ke kira asid, akwai kuma dangin kanwa, kuma zoɓo na tona asirin kowanne.

Bayan nan muka tace ruwan gulbi ta cikin yashi da gawayi da tsumma, a robar da muka yanke wa gindi, ya shiga ja ya fito garau. Na cakuɗa gishiri da yashi na ce su raba mini, suka yi ta tsinta da farce har suka gaji, kafin wata ta ce a zuba ruwa a tace a shanya. Muka sa ƙusa uku a kwalba uku, ɗaya a ruwa, ɗaya a man gyaɗa, ɗaya a bushe, muka jira mako guda mu ga wadda za ta yi tsatsa. 'Ya'yan masunta suka ce yanzu suka gane abin da ya sa iyayensu ke shafa wa ƙugiya mai. Wata rana kuma muka zuba lemun tsami a kan dakakkiyar kanwa cikin kwalba, muka ɗaura balan-balan a bakinta, ya kumbura shi kaɗai ba wanda ya hura.

Har tawadar alƙalami ba mu bari ba. Muka ɗiga baƙar tawada a kan takarda, muka tsoma gefenta a ruwa, ruwa ya hau yana jan ta, sai ga shuɗi ga ja suna fita daga cikin baƙin. Wata ta ce za ta je ta gwada da lallen yayarta.

Ajin da malamai ke yi wa laƙabi da ajin gyangyaɗi ya koma sai an kore su lokacin tashi. Ni kuwa kaina ya kumbura, ba zan ɓoye miki ba. Har tafiyata ta canza.

Wadda ta ce a zuba ruwa a tace gishirin nan ita ce Rahila. 'Yar manoma ce daga wani ƙauyen Kambari a ƙetaren ruwa, Kirista ne, shekarunta ba su wuce sha biyar ba. Siririya ce, ba ta da surutu, amma in ta tsare ki da ido kina bayani sai ki ji kamar ana auna maganarki a mudu. Duk abin da na yi da hannuna sai ta maimaita shi daidai, har yadda nake karkata kwalba in zan zuba abu. Malamai na tsokanata suna cewa ga ƙaramar Malama nan. Daɗi nake ji, ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da hakan ke nufi ba.

Mako uku da suka wuce muka zo kan dangin kanwa, na ce bari in nuna musu ruwan toka yadda kike yi. Na sa suka kawo tokar karan dawa. Muka huda gindin tsohuwar tukunya, muka shimfiɗa ciyawa, muka danna toka, muka zuba ruwa, muka ajiye kwano a ƙasa yana ɗiga. Da ƙamshin nan ya tashi sai na gan ki a tsakar gida, zaune kan 'yar kujerarki, ɗankwali ya zame, kina korar kaji da ƙafa.

Nan zuciyata ta yi laushi, bakina ya kwance. Na shiga ba su labarinki. Na ce Innata ba ta da sikeli ba ta da takardar gwaji, amma ba ta taɓa ɓata sabulu ba. Na faɗa musu maganarki yadda kike faɗinta: “Halshe shi na ma'auni. In ya cije ki kaɗan, ya yi. In kin ji shi lami, ƙara toka.” Sannan na tsoma ɗan yatsa a kwanon na ɗora a kan harshena, a gaban yara sama da hamsin.

Suka yi dariya, suka ce su ma za su taɓa. Mun zuba ruwa da yawa, bai yi ƙarfi ba, irin wanda ake sa wa miya ne, kowa ya san shi a gidansu. Na bar su. Suka yi layi suna tsoma yatsa suna yamutsa fuska. A bangon da ke bayana kuwa akwai kwalin dokokin ɗakin gwaji da rubutun hannuna, doka ta biyu tana cewa ba a ɗanɗana komai a ɗakin nan. Ni na rubuta, ni na karya, kuma ranar ko a jikina.

Ranar Litinin ɗin nan muka zo yin sabulu. Niyyata su yi iri biyu su gwada, ɗaya da ruwan toka irin naki, ɗaya da soda, farar nan mai ƙuna da masu sabulun zamani ke saya a kasuwa. Ke ba ki taɓa aiki da ita ba, kin ce ba ki yarda da abin da ba ki san itacen da ya fito daga ciki ba. Tana cin fata, Inna, ta fi ruwan tokarki ƙarfi nesa ba kusa ba. Na yi musu gargaɗi, na sa kowa ya ɗaura leda a hannu, ni da kaina na jiƙa ta.

Kowane rukuni na ba su kwalba biyu, tsofaffin kwalaben lemo ne masu kore, na liƙa wa kowace takarda da suna. Ba mu da gam, da ɗan koko na liƙa. Ita soda in ta narke a ruwa zafi take ɗauka, sai na ce su tsoma kwalbarta a daron ruwa ta huce. Rukunin su Rahila suka tsoma duka biyun. Takardun suka jiƙe, suka saki, suka taso saman ruwa.

Ni ina can ƙarshen ɗaki ina rabon faɗa kan muciya. Abin da ya biyo baya ƙawayen Rahila ne suka gaya mini. Sun kira ni sau biyu ban ji ba. Rahila ta ce kada a dame ni, za ta gano. Ta ɗiga kowace kwalba a ruwan zoɓo, duka biyun suka juya launi, tunda dangi ɗaya ne. Ta ɗaga su a haske, kwalba kore ce, ruwan da na jiƙa sodar kuma na gulbi ne, shi ma da launinsa. Sai ta ce saura ma'aunin Innar Malama. Hannunta da leda, don haka ba ta tsoma yatsa ba. Ta zuba a murfin kwalba ta kurɓa.

Ba ihu ta yi ba. Wani irin sauti ne da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, kuma har yanzu in wuri ya yi shiru ina jin sa.

Na ja ta zuwa randa na yi ta ba ta ruwa tana kurkurewa tana tofarwa, moɗa bayan moɗa, har randa ta kai ƙasa. Wasu na cewa a ba ta manja, wasu na cewa a sa mata yatsa ta yi amai. Wata mai ƙoƙari a ajin ta rugo da lemun tsami tana cewa ai Malama kin ce tsami na kashe kanwa. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa ɗaliba ba. A kofin gwaji ake wannan, ba a bakin mutum ba, amma yaushe na taɓa gaya musu? Leɓen Rahila ya riga ya yi fari ya fara kumbura.

Daga ɗakin shan magani na garin aka ce mu wuce Yelwa. A mota ta riƙe mini hannu, yawu na zuba a hijabina, ina ta karanta duk addu'ar da kika koya mini, ban kai ƙarshen wata ba nake kama wata.

Likita ya ce harshe da leɓe da dasashi za su warke in sha Allahu. Abin da bai sani ba shi ne ko ta haɗiye wani abu. In ta haɗiye, ya ce maƙogwaro na iya tsukewa a hankali bayan makonni, har abinci ya kasa wucewa. Sai an jira an gani. Yanzu ruwa-ruwa kawai ake ba ta da cokali, mai sanyi, uwarta na tallafe da kanta. Duk cokalin da aka kai bakinta ni wuyanta nake kallo in ga ko ya wuce. Ban san jira na da nauyi haka ba.

Uwar tata mace ce mai haƙuri, Hausarta ba ta da yawa. Kullum in na zo sai ta gyara mini wuri a tabarmarta, ta tura mini kwanon abincinta ta ce: “Malama, ci. Kin rame.” Ita da ɗiyarta ke kwance, ni take tausayi. Sai in ɗebi loma ɗaya in yi ta juya ta a baki.

Shekaranjiya shugaban makarantarmu ya zo dubiya, ya ja ni gefe gindin darbejiya. Kada ki ɗauka mugun mutum ne. Shi ya ba ni makullin ɗakin gwaji lokacin da kowa ke cewa ɓata lokaci ne, shi ya tare iyayen da suka ce ina koya wa 'ya'yansu wasa da toka. Ya nuna mini takardar da ya rubuta, cewa ɗaliba ta saɓa dokar da ke rubuce a bango. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce: “Malama, dokar tana ga bango ko ba ta nan? To mi kika son ƙarawa? Na ji abin da yara ka faɗi, ban tambaye ki ba, kuma ba ni tambaya. In kinka tashi gaban iyaye kinka ce ke kinka nuna musu, ɗakin ga an rufe shi ke nan, ke kuma a ɗauke ki. Mu koma zanen kwalba ga allo. Ki yi tunanin sauran ɗiyan mutane.”

Na yi tunaninsu, Inna, har na gaji. Maganarsa babu ƙarya a ciki. Dokar tana bango. Na yi gargaɗi a kan soda, yara shaida ne. Ban ce kowa ya kurɓa ba. In na jera waɗannan a gaban iyaye babu wanda zai kama ni da ƙarya ko ɗaya, sai dai zan tsallake ranar ruwan toka yadda ake tsallake kwata. Ga 'yan aji uku da jarrabawar fita ke gabansu, kuma a jarrabawar nan sai sun riƙe kwalba da hannunsu sun auna. In aka rufe ɗakin, da me za su shiga? Na yi ta nanata wa kaina wannan har na fara jin kamar shirun nawa sadaka ce.

Yaya ma da na ɗan ɓara masa, cewa ya yi in kama bakina, aikin gwamnati ba a samunsa a kan hanya, kuma kowa da ƙaddararsa. Ban musa masa ba. Sai dai akwai yara sama da hamsin da suka ga yatsana a kwanon nan, kuma na san gobe za su cika tagogi suna sauraro. Ban san da wace fuska zan shiga ajinsu ranar Litinin in ce su rubuta abin da suka gani da idonsu ba.

Jiya ina wanke kwanon da na kai musu kunu, sabulu a hannuna, sai wani abu ya faɗo mini wanda na yi shekaru ban tuna ba.

Ina 'yar shekara bakwai ko takwas. Kina tsiyayar toka ta sabulu, mai ƙarfin, ba ta miya ba. Kin taɓa a harshe kin tofar, kin juya za ki ɗauko itace. Na lallaɓo na miƙa yatsa. Ban san kina da ido a ƙeya ba sai da na ji muciya a bayan hannuna. Kika ce: “Hidda hannunki! Halshena ya sha toka shekara da shekaru, naki ɗanye na. Abin da kinka ga babba na yi, tambaya akan yi, ba kwaikwayo ba.” Na yi kuka, ba ki lallashe ni ba. Daga ranar in za ki tsiyayi toka sai ki kife kwando a kan kwanon, ki ɗora dutse.

Kin gani ko? Rabin karatunki na ɗauka. Na kai musu ɗanɗanon, na baro muciya da kwando da dutse a gida. Ke da ba ki taɓa shiga aji ba kin san idon yaro ke koyo kafin kunnensa, ni mai takardar shaida na rubuta doka a kwali na ɗauka na gama aiki. Har ɗan haushinki na ji jiya, ban san dalili ba, wataƙila don ba kya nan ki sake buge mini hannu. Amma haushin kaina ya fi yawa.

Duk da haka ban yanke shawara ba, don tsoro ba ya jin hujja. Abin da ya faru da safen nan shi ya zaunar da ni rubuta miki.

Baban Rahila ya iso daga ƙauye. Tun Litinin uwar ce ke jinya, shi yana can yana fama da shinkafa, sai yau ya samu ya ƙetaro. Dattijo ne dogo, ƙafarsa duk faso, ya sa rigarsa ta zuwa coci. An riga an karanta masa takardar shugaban makaranta. Da na gan shi, na ce yau zan sha zagi. Har wani sauƙi na ji, don zagin nake so.

Sai ya cire hula. Ya rusuna mini, Inna, mutumin da ya isa ya haife ni. Ya ce: “Malama, ki yi muna haƙuri. Mun ba ki ɗiya ki koya mata, ta tai ta jawo miki magana. Ba haka munka rene ta ba.” Sannan ya juya wajen gadon ya ce: “In kin tashi, gona. Wanda bai ji magana ga makaranta ba, shi ji ta ga gona.”

Rahila na jin sa. Bakinta a kumbure, an shafa mata magani, ba ta iya cewa komai. Ta dubi babanta, ta juyo ta dube ni da idon nan nata. Na jira ta nuna ni da yatsa, wallahi da ta nuna ni da na gode mata. Sai ta sunkuyar da kai ta gyaɗa, wai ta amsa laifinta.

Ni kuma na ce masa ba komai, Baba. Ba komai! Da bakina na faɗa. Na karɓi haƙurin da ni ya kamata in bayar, na fito, na kama hanya har gida ban san ta ina na bi ba.

Ga ni zaune a ɗakinki, an sauko daga masallacin Juma'a tun ɗazu. Uwar Rahila ta ce sai bayan la'asar baban zai kama motar komawa. Ba zan jira taron gobe ba. In na gama wannan zan sa hijabi in koma asibiti in same shi. Zan durƙusa masa, in gaya masa ɗiyarsa ba ta ƙi jin magana ba, abin da ta ga malamarta ta yi shi ta yi. A gaban Rahila zan faɗa, tunda a gabana aka kunyata ta. Gobe kuma in maimaita a gaban iyaye da shugaban makaranta.

Kada ki ɗauka ƙarfin hali ne. Ina tsoron fuskar dattijon nan in ta canza. Ina tsoron ya ce to ai gara gonar ma, tunda malaman ne da kansu ke koya wa yara shan guba. Ina tsoron a sa wa ɗakin nan kwaɗo, 'yan aji uku su bi ni da ido. Zan roƙi iyaye su bar shi a buɗe ko da ba ni ce a ciki ba, in gaya musu abin da za a gyara. Soda ba za ta ƙara barin hannun malami ba, suna da fenti za a rubuta shi a jikin kwalba, kuma babu wanda zai ƙara kai komai baki a ɗakin nan, malami ne ko ɗalibi. Ko za su saurara, Allah ne masani. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ni na ja, ban ga dalilin da zai doki 'yar mutane ita kaɗai ba.

Zan kuma sa wasiƙar nan inda jama'a za su karanta. Ba neman tausayi nake yi ba. Kaina na sani, ina iya kaiwa ƙofar asibiti in juyo. In ta fita daga hannuna ba ni da hanyar ja da baya.

Ki yafe mini da na kai sunanki inda ba ki aike ni ba. Ina kewarki, Inna, yau fiye da ranar da aka fita da ke. Da kina nan da kin yi mini faɗa son ranki har maƙwabta su ji, sannan ki ɗaura zane ki ce tashi mu tai, ki raka ni har bakin gadon nan ki tsaya a bayana. Yau ni kaɗai zan je.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa wahalar da kika sha a kanmu ta zama nauyi a mizaninki. Allah ya ba ni bakin faɗa in na isa, ya sanyaya zuciyar dattijon nan, ya mayar da ɗiyarsa aji ko da a hannun wata malamar ce. Allah ya buɗe maƙogwaron Rahila ta ci tuwo ta ƙoshi, ya mayar mata da muryarta, ko da abin da za ta fara faɗa da ita shi ne ba ta yafe mini ba. Amin.

Ga ladan can ya fara kiran la'asar, bari in tashi.

Ni ce autarki,
Hajara